Tarihin Kafireto a Garejojin Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa

Duk wanda ya yi karatu a makarantarmu ya san kafin ya ga ƙofar makaranta sai ya ga tasha. Ko daga Sabuwa ka fito, ko Faskari, ko wani ƙauye na ƙasar Ƙanƙara, ranar komawa hutu sai akwatinka da ƙullin garinka sun hau wata tsohuwar mota, kai kuma a cusa ka can kujerar baya. Mu da muka yi sakandare cikin shekarun 2000 mun riski ƙarshen zamanin Fijo da farkon zamanin Golf. Malamanmu kuwa, da yayyenmu na ajujuwan farko, su ne suka ga ganiyar abin. Abin da nake so in kawo a wannan fitowa ta mujallarmu shi ne tarihin wani ɗan ƙarfe guda ɗaya da ke cikin waɗannan motoci, watau kafireto, da yadda kanikawa da direbobin yankinmu suka yi kusan shekara 50 suna canza shi, suna ƙara masa, suna rage masa. Dalilina kuwa shi ne, wanda ya bi tarihin kafireto a garejojinmu ya bi tarihin kuɗin fetur a Nijeriya, domin duk sa'ad da gwamnati ta taɓa farashin lita, ba a jimawa sai bakanike ya taɓa sukurun kafireto.

Da farko dai ya kamata mu tuna wa juna aikinsa, tun da ba dukkanmu ne muka riƙe karatun Fizis ba, Allah ya ba malamanmu haƙuri. Injin mota ba ya ƙona fetur zalla, sai an gauraya shi da iska. Gwargwadon da ya fi dacewa shi ne kimanin kilo 14.7 na iska ga kowane kilo 1 na fetur. In an juya wannan lissafi zuwa lita, za a ga lita 1 ta fetur tana bukatar iska kusan lita 9,000 kafin ta ƙone sarai. To kafireto shi ne mai wannan awo. A cikinsa akwai maƙogwaro mai tsukakken wuya, wanda idan fistin ya zuƙo iska ta ratsa ta wurin sai ta ƙara gudu, ƙarfin matsinta ya ragu, sai ta jawo fetur daga wani ɗan kasko ta cikin wata 'yar ƙaramar huda da kanikawa ke kira jet. A cikin kaskon akwai fulot, wanda yake shawagi bisa man, yana toshe ƙofar shigowa da wata allura idan kasko ya cika. Totur da direba yake takawa ba mai yake buɗe wa hanya ba kai tsaye, wani faifai yake juyawa a ƙasan maƙogwaron domin iska ta ƙaru, ita kuma ta jawo man da ya dace da ita. Wani Ba'italiye, Giovanni Venturi, shi ya yi bayanin wannan hali na tsukakken wuya a 1797, sa'an nan a 1893 Wilhelm Maybach na Jamus ya fito da kafireto mai fesa mai, a shekarar da wasu injiniyoyi biyu na ƙasar Hungary, Bánki da Csonka, suka yi rajistar irin nasu. Daga baya kamfanoni suka shahara da ƙera shi: Solex da Zenith a Faransa, Weber a birnin Bologna na Italiya tun 1923, Pierburg a Jamus, sai su Aisan da Hitachi da Keihin a Japan. Duk waɗannan sunaye sun iso garejojinmu, ko da yake sau da yawa da sunan motar da aka ciro shi ake kiransa, a ce na Fijo, ko na Toyota.

Mota ta daɗe da shigowa kudancin Katsina, domin auduga ta jawo ta. Tun ƙarshen shekarun 1920 jirgin ƙasa ya ratsa Funtuwa zuwa Gusau da Ƙauran Namoda, ga gidan gurzar auduga a Funtuwa da Malumfashi, ga gonar irin auduga a Daudawa ta ƙasar Faskari, saboda haka dole a sami motocin da za su kwaso kaya daga ƙauyuka. Amma waɗancan manyan motoci ne na kamfanoni da 'yan attajirai ƙalilan. Ƙaramar mota ba ta zama ruwan dare ba sai a tsakiyar shekarun 1970, lokacin da abubuwa uku suka haɗu. A 1975 aka biya ma'aikata ƙarin albashin Udoji. A wannan shekara kuma kamfanin Peugeot na Kaduna ya fara harhaɗa motoci, har da jiragen sama ake jigilar kayan haɗin daga Lyon ta Faransa zuwa Kano, sa'an nan a kawo su Kaduna ta ƙasa, shi kuma Volkswagen ya buɗe nasa a Legas. A 1975 ɗin dai aka soma shirin bunƙasa aikin gona na Funtuwa da taimakon Bankin Duniya, wanda ya shimfiɗa hanyoyin burji cikin karkara, ya kawo taki, ya sa masara ta zama amfanin sayarwa. Ga kuɗi, ga mota, ga hanya. Gwamnatin soja ta lokacin kuma ta mai da Fijo 504 motar hukuma, don haka duk ma'aikacin da ya karɓi bashin mota ita yake fara tunani, wanda ƙarfinsa bai kai ba ya sayi ƙaramar Volkswagen ɗin nan mai ƙusumbi. Da yawa daga malamanmu na farko da irin waɗannan motoci suka zo aiki.

Fijo 504 ta fito a Faransa a 1968. Injinta na fetur da muka fi sani iri biyu ne, mai 1,796 da mai 1,971 a ma'aunin girman silinda. Ƙaramin yakan zo da Solex mai baki ɗaya. Babban kuwa an yi masa masu baki biyu, na Solex da na Zenith, inda baki na farko ke aiki a tafiyar yau da kullum, na biyu ba ya buɗewa sai direba ya danna totur sosai. Ga shi kuma motocin da aka yi domin ƙasashe masu ƙura an sa musu filtar iska mai kaskon baƙin mai, wadda ƙura ke maƙalewa a ciki, a wanke ta a sake zuba mai. Wanda ya ƙago wannan filta ya yi wa mutanen Faskari alheri bai sani ba.

A wancan zamani fetur ba abin damuwa ba ne. A 1978 lita kwabo 15.3 ce, a 1982 gwamnatin Shagari ta mai da ita kwabo 20. Tankin 504 yana cin kimanin lita 56, watau da naira 11 da kwabo 20 an cika shi taf. Matatar mai ta Kaduna ta fara aiki a 1980. Saboda haka canjin kafireto na farko da aka sani a garejojinmu na neman ƙarfi ne. Direban wagon mai lodi daga Funtuwa zuwa Gusau ta Mairuwa da 'Yankara, ko mai a-kori-kura da ke kwasar buhuna zuwa kasuwar Ɗandume, abin da yake so shi ne mota ta ja kaya a hawa ba tare da ya sauko giya ba, ta kuma riga ta abokin hamayya isa tasha domin a sami sawu na biyu. Sai a cire mai baki ɗaya a ɗaura mai baki biyu. Wanda ya san aiki yakan canza har da manifol ɗin da kafireton ke zama a kai, domin hudarsa ta dace da bakunan biyu. Wanda bai sani ba, ko mai motar ya ƙi biya, sai ya sa a yanko faranti a ɗaura a tsakani, iskar da ta shigo ta baki biyu ta tarar da ƙofa ɗaya. A nan mota takan ƙara ƙara da shan mai, ƙarfin kuwa kaɗan ne, amma direba in ya ji gurnanin baki na biyu ya buɗe sai ransa ya yi fari.

Wannan zamani bai wuce shekara 10 da 'yan kai ba. A watan Maris na 1986 gwamnatin Babangida ta kai lita kwabo 39.5, a watan Satumba kuma aka buɗe kasuwar gwanjon kuɗin waje, darajar naira ta faɗi. Lita ta koma kwabo 42 a 1988, kwabo 60 a 1989, kwabo 70 a 1991. Mai karatu na yau zai yi dariya, amma a tuna da abin da ma'aikaci yake ɗauka a lokacin. Abin da ma ya fi kuɗin man ciwo shi ne sabuwar mota da sabon kayan gyara sun fi ƙarfin talaka, domin da kuɗin waje ake shigo da su. Jihar Katsina da aka ƙirƙiro ranar 23 ga Satumba, 1987 ta ƙara wa mutanenmu zirga-zirga, tun da takardar da a da ake bi Kaduna yanzu sai an bi ta Katsina, ta Ƙanƙara da Dutsin-Ma ko ta Malumfashi. Tafiya ta ƙaru, mota ta tsufa, ba halin sabuntawa. Sa'an nan aka shiga 1993: gwamnatin riƙon ƙwarya ta Shonekan ta kai lita naira 5 a watan Nuwamba, Abacha ya hau ya rage zuwa naira 3 da kwabo 25, a watan Oktoba na 1994 ya kai ta naira 15, bayan kwana biyu aka tsaya a naira 11. Tankin da aka cika da naira 39 da kwabo 20 a farkon 1993 ya koma naira 616 a ƙarshen 1994. Wannan kuwa farashin gidan mai ne, in an samu. Shekarun Abacha shekarun dogon layi ne da 'yan bumburutu, kuma garin da ke nesa da babban titi kamar Sabuwa ko Faskari, galan na bakin hanya shi ne gidan mansa.

A nan ne aikin ya juya. Waɗanda suka ɗaura mai baki biyu jiya suka dawo suna neman mai baki ɗaya, kuma a nan ne gyaran kafireto ya zama sana'a mai zaman kanta, har a gareji a ce a kira mai kafireto, kamar yadda ake kiran mai waya ko mai faci. Kayan aikinsa ba su da yawa: sukundireba, 'yan sifanu, tasa da fetur na wanki, tsohon buroshin haƙori, da bakinsa da yake hura jet da shi, sai kunnensa, wanda shi ne babban ma'auninsa. Yakan juya sukurun silo yana saurare har injin ya daidaita numfashi, ya zaro fulogi ya duba. In bakinsa ya yi baƙi da kunkunniya, mai ya yi yawa. In ya yi fari fat, mai ya yi kaɗan. In ya yi ruwan ƙasa, to an dace. Wannan karatun fulogi ilimi ne na gaskiya, haka ma kanikawan Turai suke yi, kuma bai kamata wanda ya je jami'a ya raina shi ba.

Dabarun rage shan mai da aka yi amfani da su suna da yawa, kuma ba darajarsu ɗaya ba. Mafi sauƙi shi ne a kwance sandar da ke buɗe baki na biyu, kafireto ya zama mai baki ɗaya da ƙarfi da yaji. Akwai lanƙwasa harshen fulot domin mai ya sauka a kasko. Akwai kashe ɗan famfon da ke tsartuwar mai idan an taka totur farat ɗaya, abin da ke sa mota ta yi shiru na ɗan lokaci kafin ta amsa, kuma duk wanda ya taɓa zama gaban mota ana ƙoƙarin wuce tirela ya san tsawon wannan ɗan lokaci. Amma babbar dabara ita ce taɓa jet. A tsarin Solex lambar da ke jikin jet faɗin hudarsa ce, watau mai lamba 130 faɗinsa milimita 1.30 ne. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne yawan man da ke wucewa yana bin filin hudar ne, shi kuwa fili yana tafiya da faɗi sau faɗi. In an sauko daga 130 zuwa 120, a ido ragi ne ƙanƙane, amma filin ya ragu da kusan kashi 15 cikin 100. Haka nan in yaron gareji ya ɗauki allura yana sakace jet ɗin da ya toshe har ya buɗa shi daga 130 zuwa 140, ya ƙara wa mai motar kashi 16 cikin 100 na mai a wannan hanya, ba wanda ya sani. Shi ya sa tsofaffin masu kafireto suke hana sakace da ƙarfe, sai hurawa. To da yake jet na kowace lamba ba ya samuwa a Funtuwa sai an aika Panteka a Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano, sai aka koma ga dabarar gida: a zura silin wayar tagulla cikin hudar a lanƙwasa bakinsa, ko a toshe hudar da dalma a sake hudawa, ko a ɗan bubbuga bakin jet ɗin ya tsuke. Ba ma'auni a cikin ko ɗaya, sai sa'a da gwanintar hannu.

Shin an sami sauƙin? An samu, amma da iyaka. Motocinmu da yawa dama suna shan fiye da ƙima saboda dalilai na wurin. Ƙasarmu tudu ce, ta ɗara bakin teku da mita ɗaruruwa, ga zafin bazara, saboda haka iskarmu ba ta kai ta Faransa nauyi ba, shi kuwa kafireto ba ya auna nauyin iska yadda ya kamata, sai man ya ɗan rinjaya. Ƙurar hunturu kuma in ta cushe filta, injin yana zuƙa da ƙyar kamar an ja cok, mai ya ƙaru. Irin wannan mota in aka wanke filta, aka gyara fulot, aka sauko da jet mataki ɗaya, lallai za a ga bambanci a aljihu, injin ma ya fi lafiya. Inda ɓarnar take shi ne wuce gona da iri. Man da ya yi kaɗan cikin iska yana ƙonewa a hankali da zafi mai tsanani, kuma wagon da aka yi wa lodin mutum 10 da buhuna a sama kullum cikin wahala injinta yake. Sai lagireto ya riƙa tafasa, bawul ya ƙone, wani lokaci fistin ya huje. Direba ya tara canjin mai na wata uku, ya kai wa mai sauke top a yini ɗaya. Har ila yau, mota mai nauyi da aka sa wa ƙaramin kafireto dole direba ya riƙa tafiya da totur a ƙasa yana sauko giya, sai a tarar man da aka rage a jet ya fita ta ƙafar direba. A ganina mai baki biyu da aka daidaita da kyau, a hannun direba mai sanyin ƙafa, ya fi mai baki ɗaya da aka shaƙe, domin bakinsa na farko ma ƙarami ne, na biyun kuma yana nan ajiye don ranar bukata.

Akwai kuma abubuwan da ake ɗora wa kafireto laifinsu alhali ba ruwansa. Kontak da ya cinye, taimin da ya goce, fulogin da ya mutu, tayar da ba iska, duk suna sa mota shan mai, amma kafireto ake kwancewa domin shi ne a sama, shi ido ke gani. Ga al'adar nan ta cire tamostat da zarar mota ta shigo ƙasar nan, wai ba a bukatarsa a ƙasar zafi. Injin da aka cire wa tamostat yakan daɗe bai kai zafin aikinsa ba, musamman da asubar hunturu, shi kuwa injin mai sanyi mai yake sha. Man bumburutu ma ya ba da nasa: tsatsar durom, da ruwa, da kananzir da wasu ke haɗawa, duk a kaskon kafireto suke taruwa. Sai dai a nan kafireto ya nuna halinsa na kirki. In ya toshe a dajin da ke tsakanin Sheme da Ƙanƙara, direba da yaronsa za su kwance shi a bakin hanya su hura su mayar. In famfon mai ya mutu, a ɗaura galan a saman mota a jawo tiyo, mai ya gangaro da kansa. In zafin bazara ya sa mai ya tafasa a bututu, a jiƙa tsumma a ɗora wa famfon. Waɗannan abubuwa su suka sa mutanenmu suka amince da shi, kuma sai an fahimci wannan amincewa za a gane abin da ya biyo baya.

A daidai lokacin da muke wannan fama, ƙasashen da suka ƙera kafireto suna sallamarsa. Dokokin hayaƙi na Turai da suka fara aiki a 1992 zuwa 1993 sun tilasta sa wa sababbin motocin fetur matatar hayaƙi a salansa, wadda kanikawanmu suka laƙaba wa suna indomi saboda kamannin cikinta, ita kuwa ba ta aiki sai awon mai da iska ya tsaya daidai a kowane lokaci, abin da sai injekta da ƙwaƙwalwar lantarki ke iyawa. A Amurka ma farkon shekarun 1990 ne aka daina sayar da sababbin motoci masu kafireto. Tsofaffin motocin Turai kuwa sai suka kwararo mana, waɗanda ake kira Beljiyam ko 'yan Kwatano, wasu ta Legas, wasu daga Kwatano su ratsa Nijar zuwa Maraɗi su shigo ta Jibiya. Kaduna ta ci gaba da haɗa 504 har tsakiyar shekarun 2000, amma a tasha Golf ta riga ta fara ture ta, domin ta fi arha, ta fi ƙarancin shan mai.

Golf 2, wadda aka fara yi a 1983, ta zo da kafireton Pierburg mai tarin siraran tiyo da na'urorin da ke sarrafa cok da silo da kansu gwargwadon zafin injin. An yi shi ne domin sanyin Jamus, kuma in ya tsufa ko a Ingila ma masu ita sukan cire shi su ɗaura Weber. Mu a nan sai aka toshe tiyoyin, ko aka ɗaura na motocin Japan a kan faranti. Golf 3 kuwa, wadda ta fito a 1991, wagon ɗinta a 1993, da injekta ta zo. Mai injin 1.8 tana da injekta guda ɗaya zaune a inda kafireto yake zama, har kama suke yi a ido. To daga nan aka shiga canji na uku, wanda ya fi na baya girma, watau mayar da mai injekta ta koma kafireto. In motar ta fara gardama, bakanike ba shi da na'urar da zai tambayi ƙwaƙwalwarta, mai motar kuma ba zai iya ajiye ta mako guda ana neman gwani a Zariya ko Kano ba, sai a ce a mayar da ita kafireto a huta. Aikin ba ɗaura kafireto kaɗai ba ne. Dole a canza distiributa, tun da a da ƙwaƙwalwa ce ke riƙe da taimin. Dole kuma a canza famfon mai, domin na injekta yana turo mai da ƙarfin da ya ninka abin da allurar fulot za ta iya tarewa sau da yawa. Inda aka yi ganganci a nan, mai yakan malalo bisa injin mai zafi, kuma wannan na cikin hanyoyin da mota ke kamawa da wuta.

Mutane irinmu masu aikin ofis mukan yi saurin cewa wannan jahilci ne. Ni ban yarda ba. Direban da ke bin hanyar Funtuwa zuwa Ɗandume da Sabuwa a shekarun 2000 ya yi lissafinsa daidai da abin da ke gabansa: man da yake samu ba mai tsabta ba ne, gwanin injekta yana nesa, mota kuma in ta kwana a gareji iyali sun kwana da yunwa. Ya sayi kwanciyar hankali da 'yan litoci. Laifin yana wuyan tsarin da ya bar kanikawa ba horo. Tsarin ilimi na 6-3-3-4 da aka fara a 1982 ya yi alkawarin koyar da sana'a, kuma da yawanmu mun ga injunan koyon fasaha a makarantu cikin akwatunansu, ba wuta ba malami. Da yaran gareji sun sami wanda ya koya musu aiki da mitar lantarki tun a 1995, da ba a yanke wayoyin motoci masu yawa haka ba. Amma gaskiya ita ce motar da aka mayar ta yi asara. Injekta yana gyara awonsa kowane lokaci bisa abin da na'urar salansa ta gaya masa, kafireto kuwa inda aka ɗaure shi nan yake tsayawa, ko da sanyi ko da zafi. Muddin lita tana naira 65, kamar zamanin marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa, ko naira 97 bayan zanga-zangar Janairun 2012, ana iya haɗiye wannan asara.

Abubuwa biyu suka sa ta fito fili. Na farko namu ne na gida. A ƙarshen watan Agusta na 2021, saboda matsalar 'yan bindiga, gwamnatin Aminu Bello Masari ta rufe wa motocin haya hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme, ta ce a zagaya ta Funtuwa, ta hana sayar da fetur a jarka, ta kuma ƙayyade cewa a ƙananan hukumomin da abin ya shafa, har da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, gidajen mai biyu kaɗai za su sayar, kuma kada a ba mota fiye da na naira 5,000. A farashin lokacin, kimanin naira 165, wannan lita 30 ke nan. Hanya ta ƙara tsawo, mai ya zama na awo, galan na bakin hanya da ake dogara da shi ya zama laifi. A ce mota tana shan lita 12 a kilomita 100, lita 30 za ta kai ta kilomita 250. Wadda ke shan lita 9 za ta haura 330. A hanyar da ba wanda yake son magariba ta same shi a tsaye, wannan rata ta wuce maganar riba. A lokacin kuma tsohuwar fa'idar kafireto, watau a tsaya a daji a kwance a hura, ta rage daraja, domin tsayuwar ita ce abin tsoro. Na biyu na ƙasa baki ɗaya ne. Ranar 29 ga Mayu, 2023 Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya ƙare, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen 500 cikin kwanaki, a watan Oktoba na 2024 ta haye naira 1,000 a gidajen man NNPC na Abuja. A wannan farashi tankin 504 da aka cika da naira 11 da kwabo 20 a 1982 sai an ba da naira 56,000.

Yanzu na'urar karanta ƙwaƙwalwar mota ta yi arha, har akwai wadda ake haɗawa da wayar hannu, kuma samarin kanikawa da suka iya ta suna ƙaruwa a manyan garuruwa, saboda haka hujjar mayar da mota kafireto ta yi rauni ƙwarai. Duk wanda zai sayi tsohuwar Golf ya buɗe bonet ya duba, in an mayar da ita ya sa wannan cikin ciniki. Masu kafireto kuwa aiki bai yanke musu ba, ya dai sauka daga mota ne. Baburan da suka cika ƙauyukanmu, su Bajaj da Jincheng, da kafireto suke aiki, haka injin ban-ruwa na masu noman rani a fadamu, da injin niƙa mai fetur, da janareto. Tun daga 2023 kuma wani sabon canji ya shigo kasuwa, inda ake cire kafireton janareto a ɗaura wanda ke karɓar fetur da gas ɗin girki duka biyu, a jawo tiyo daga tukunyar gas. Shi ma yana da sukurun da ake juyawa ana saurare, kuma wanda zai sa a yi masa ya tabbata an gwada mahaɗar tiyon da ruwan sabulu kafin a tayar, a kuma ajiye tukunyar nesa da salansa.